Ƙafar Mai Guga

Mai Guga ya janyo labulen shago, ya ɗora ƙafarsa ta hagu a kan ɗan benci, ya rufe ta da tsohon tawul. Sannan ya ɗauko dutsen guga ya fara bi a hankali daga idon sawu zuwa yatsu, kamar yadda yake bin wuyan rigar babban mutum. Garwashin cikin dutsen ya riga ya kwanta, ko kuma haka shi ya ɗauka. Kullum da hantsi, in ya gama zagayen farko na kaya, sai ya ba ƙafar nata rabon.

Ƙafar ce ta ƙi ɗumi. Shago ne da ko da damina gumi ake yi a cikinsa, ga murhun gawayi a lungu, ga tururin sitaci, amma ita wannan ƙafa kullum sanyi ƙalau, kamar ba a jikinsa take ba. Gashin ƙaurin ya zube, fatar ta yi sumul tana ƙyalli, farcen ma ya daina tsawo. In ya yi 'yar tafiya sai sha-raɓar ta ɗaure tamau, dole ya tsaya. In ya tsaya kaɗan ta saki, in ya ci gaba ta sake kamawa. To mutumin da ya tsufa yana gyara duniya da zafi, me kuma zai yi wa abu mai sanyi? Sai ya goge ta.

Yana cikin haka aka ɗaga labule. Maman 'yan biyu ce, matarsa, riƙe da kwanon abincin da ya manta a gida. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi dutsen, ta dubi tawul, ta dubi mijinta.

"Malam, kayan wa kake gogewa a nan?"

Ya ce ba komai, tawul ne ya yi danshi yake busarwa. Ta ajiye kwanon a kan tebur, ta matso ta yaye tawul ɗin. A saman ƙafar akwai ƙuna, ta yi bororo ta fashe, gefenta ya yi ja. Ba ta yau ba ce. Wannan ne dalilin da ya sa kwanakin nan yake kwana da safa, yana cewa sauro ne ya dame shi.

Maman 'yan biyu ba mace ce mai hayaniya ba, kuma da ma ta yi hayaniyar da ya fi masa sauƙi. Sai ta zauna a kan ƙullin kayan wani, ta fara jero masa abin da ta daɗe tana gani. Ta ce ta ga ya daina kai wa mutane kayansu gida, shi da a da yake ɗora ƙulli a ka ya zagaye unguwa kafin la'asar. Ta ga masu kawo kaya suna raguwa, don ba kowa ke da lokacin zuwa karɓa ba. Ta ga in suna tafiya tare ya iya tsayawa gaida mutanen da ko sunansu bai sani ba, ko ya tsaya kallon kayan kanti kamar mai shirin saye. Ita duk ta ɗauka girma ne ya zo masa da son jiki.

"Ashe ƙafa kake ɓoyewa," in ji ta. "Rufe shagon nan, asibiti za mu je."

Ya ce akwai kayan wani malamin makaranta da ya yi alkawarin gamawa yau. Ta ce malamin ba zai tafi aji tsirara ba. Ya ce ƙunar ta fara bushewa. Ta ce ita ma tana da ido. Da dabaru suka ƙare masa, sai ya faɗi gaskiya, murya ƙasa-ƙasa, yana kallon murhu.

"Yaya da ƙafa biyu ya shiga wurin nan."

Abin da ke cin sa ke nan. Yayansa, tsohon direban babbar mota, ya shiga asibiti da ƙafa biyu ya fito da ta hagu kaɗai. Shi ma da sanyin ƙafa ya fara. Kuma Mai Guga ne ke wanke wa Yaya kaya, shi ke naɗe ƙafar wandon ta dama ya danne ta da dutse ta yi kari, don allurar maƙalawa ta zauna daidai. Babu wanda ya fi shi sanin yadda wandon mai ƙafa ɗaya yake. Ga wani abu kuma: takalminsu lamba ɗaya ce. Yaya in ya sayi takalmi sai ya sa na hagu, ya jefa na dama a wani buhu da ke bayan ƙofar ɗakinsa. Buhun ya kusa cika da sababbin takalma, duka na dama. Tun da ƙafar hagun Mai Guga ta fara sanyi, in ya je gidan ba ya iya kallon bayan ƙofar nan, don gani yake shi suke jira.

Maman 'yan biyu ta tashi ta juye garwashin dutsen a murhu, ta yayyafa masa ruwa, ta ɗauko makullin shago daga ƙusa.

"In ma yankewa za a yi, gara a yanke ina wurin," in ji ta. "Tashi."

Bai tashi haka nan ba. Sai da ya canza wando, ya sa wanda ya fi kowanne kari, ƙafa biyu a miƙe kamar wuƙa. Ta gane abin da yake nufi, ta kawar da kai.

A cikin bas ya samu wuri kusa da taga, ya lanƙwashe ƙafar a ƙarƙashin kujera kada a taka. Duk hanya ƙafafun mutane yake kallo: na masu tura baro, na mata masu tallan lemo, na ɗan sandan da ke ba da hannu a mahaɗa. Shekara da shekaru yana garin nan bai taɓa lura cewa mutane suna da ƙafafu haka da yawa ba, kuma ba wanda ya damu da nasa. Ya laluba aljihu ya taɓa kwalin sigari, ya tuna a mota yake, ya bar shi.

A asibiti aka yanki kati, aka zauna a dogon benci. Wata nas ta auna jininsa ta ɗan ɗaga gira, ta soki yatsansa ta ɗiga jinin a wani ɗan abu, ta rubuta. Shi kuwa duk wanda ya wuce da farar riga sai ya ja ƙafa baya. Wani ma'aikaci ya turo keken marasa lafiya babu kowa a ciki, ya tsaya daidai gabansu yana amsa waya. Mai Guga bai ɗauke ido daga keken ba, har sai da mutumin ya gama wayarsa ya tura kekensa gaba.

Likitar da aka shigar da su wurinta yarinya ce, ba za ta girmi 'yan biyunsa ba. Farar rigarta wanki ya yi, amma gugar ba ta yi ba, kafaɗa duk a yamutse, kuma ko a wannan hali sai da idonsa ya gani. Ta gaishe shi da Baba, ta ce ya hau gado ya cire takalma duka biyu. Ta tambaye shi inda ke ciwo da lokacin da yake ciwo. Ya fara amsawa da rabi-rabi, Maman 'yan biyu tana cike sauran daga kujera. Da aka zo kan sigari ya ce yana ɗan taɓawa. Matar ta ce tun kafin ta aure shi yake ɗan taɓawar.

Likita ta murza tafin hannunta, ta dafa ƙafar dama, ta dafa ta hagu. Ta sa yatsu a saman ƙafar, gefen ƙunar, sannan a bayan idon sawu, tana kallon bango. Ta daɗe a haka. Sai ta janyo wata 'yar na'ura mai kai kamar alƙalami, ta shafa masa wani mai mai sanyi a ƙafar dama, ta ɗora. Nan take ɗakin ya cika da ƙara, fuu, fuu, fuu, kamar ana fifita wuta. Ta ce wannan jininsa ne ke wucewa.

Ta koma ta hagu. Shiru. Ta matsar da kan na'urar, sai shuu na iska kawai. Ta ƙara mai, ta karkata hannu, ta sake matsarwa. Mai Guga ya rufe ido. A zuciyarsa har ya ɗauko wandon da ke jikinsa ya shimfiɗa a tebur, ya kama ƙafar hagu zai naɗe.

Can sai ga shi, ƙasa-ƙasa, kamar daga ɗakin maƙwabta: fu, fu, fu.

"Kun ji shi ko, Baba?" in ji likita. "Ga shi nan. Ba shi da ƙarfi, amma yana zuwa."

Ta ɗaura masa abin awon jini a hannu, ta sake ɗaurawa a ƙauri, ta kwatanta. Sannan ta zauna ta yi masa bayani. Ta tambaye shi ko ya san yadda bututun famfo ke yi in ya tsufa, datti ya taru a ciki, ruwa ya koma zuwa siriri. Ya ce ai na wurin wankinsa haka yake. Ta ce to haka jijiyar da ke kai jini ƙafarsa ta yi, kitse ya liƙe a cikinta ta tsuke. In yana zaune jinin da ke wucewa ya isa, in ya yi tafiya naman ƙafar ya nemi ƙari bai samu ba, shi ne yake ɗaurewa. Sanyin ma daga nan ne, da zubewar gashin. Ta ce sigari ne babban mai laifi, hawan jini na taya shi, kuma sukarinsa ya fara ɗagawa, shi ya sa fatar ba ta jin zafi da wuri.

Duk wannan yana shiga ta kunne ɗaya ne. Ya jira ta kai aya, sannan ya yi tambayar da ya zo da ita tun daga shago.

"To, likita, yaushe za a yanke?"

"A yanke me?"

"Ƙafar."

Ta ajiye biro ta dube shi sosai. "Baba, ba wanda zai yanke muku ƙafa. Jinin da ke zuwa zai iya warkar da wannan ƙunar in an kula da ita. Kun zo da sauran lokaci."

Ya ji maganar, amma sai da ta sake faɗa kafin ta zauna masa. Wani abu da ya daɗe a ƙirjinsa ya sauka, har ya ji kunya, don idonsa ya kawo ruwa a gaban yarinyar da ya haifi kamarta. Ya shiga gyara karin wandonsa da ba abin da ya same shi. Maman 'yan biyu ta ce alhamdu lillahi a hankali, ta sake cewa, sannan ta goge fuska da gefen mayafi.

Ya ba likita labarin Yaya. Ta tambaya yaya ƙafar take ranar da aka kawo shi. Mai Guga ne ya ɗauko shi a mota, kuma ya tuna yatsun sun riga sun yi baƙi, ana toshe hanci. Shekarun nan duka asibiti yake ɗora wa laifi, ya manta da wannan.

Likita ta koma kan ƙunar, ta tambaya me ya ƙona shi. Ya ce tsautsayin aiki ne. Maman 'yan biyu, da yanzu hankalinta ya kwanta bakinta ya buɗe, ta ce ba wani tsautsayi, goge ta yake yi da dutse kullum da hantsi, har da tawul. Likita ta sunkuyar da kai tana rubutun da ba ya ƙarewa, kafaɗunta na motsi.

"Baba, har da sitaci?"

Shi kansa sai da ya yi dariya. Amma da ta ɗago ta ce masa ba wasa ba ne. Wannan dutsen shi ne ya fi kusa raba shi da ƙafar, ba asibiti ba. Ƙafar da jini bai ishe ta ba saurin ƙonewa take, kuma in ta yi rauni ba ta saurin warkewa. Daga yau ba dutse, ba ruwan zafi, ba kusantar murhu. In ta yi sanyi ya sa safa mai kauri wadda ba ta matse ba. Kada ya yi yawo ba takalmi, kuma kullum a duba masa tsakanin yatsu. Ta rubuta masa ƙwayoyi, na hana jini daskarewa, na rage kitse, na hawan jini. Ta ce zai riƙa zuwa wankin ciwo, kuma in ƙunar ta ƙi rufewa, ko ƙafar ta fara ciwo yana kwance, ko yatsa ya canza launi, ya zo a ranar, akwai hoton da za a ɗauka da hanyar da ake buɗe jijiyar. Sigari kuwa, ta ce ya zaɓa, ko sigarin ko ƙafar.

Sannan ta faɗi abin da ya fi ba shi mamaki. Ta ce babban maganin tafiya ce. Ya yi tafiya har sha-raɓar ta fara ciwo, ya tsaya ta huce, ya ci gaba. A hankali jini zai nemi wasu ƙananan hanyoyi ya zagaye wurin da ya tsuke. Yanzu ya fara kaɗan-kaɗan saboda ƙunar, in ta rufe ya ƙara.

Mai Guga ya buɗe baki. Shi da ya bar kai kaya, ya bar masu hulɗa da shi suka watse, duk don ya lallaɓa ƙafar, ashe abin da take so ya hana ta, abin da ba ta so yake ba ta kullum da hantsi.

Nas ta wanke ƙunar ta naɗe da bandeji, ta sassauta masa igiyar takalmi. Suka karɓi magani suka fito. Rana ta karkata, kuma titin da ya bi ɗazu kamar mai zuwa wurin hukunci ya koma titi kawai, mai ƙura da hayaniyar masu gyaran taya.

A bas ɗin komawa, kafin a kai tasharsu, ya ce wa kwandasta akwai sauka. Matar ta dube shi. Ya ce gidan Yaya za su biya, kuma da ƙafa za su ƙarasa.

Ba su yi nisa ba sha-raɓar ta kama. Daidai ƙofar wani kantin katifa ne, kuma da jiya ne da ya tsaya yana tambayar kuɗin katifa. Yau sai ya dafa bango kawai.

"Ta kama," in ji shi. "Bari ta huce."

Maman 'yan biyu ta tsaya kusa da shi riƙe da ledar magani, ta ce ai gara haka, da ma ta gaji da gaida baƙi. Da ƙafar ta saki suka ci gaba. Kafin su kai sai da suka sake tsayawa, a gindin wata bishiya.

Yaya na zaune a ƙofar gida kan kujerarsa ta roba, sandunansa jingine da bango, rediyo a cinya, sigari a hannu. Ya hango su tun daga nesa. Da idonsa ya sauka kan bandejin sai fara'arsa ta ɗauke, ya kashe rediyon. Amma Yaya mutum ne da ko a gadon asibiti sai da ya tsokani masu jinya.

"Auta," in ji shi, don har yau haka yake kiran ƙanensa mai furfura, "in ce dai ba buhuna ka zo ɗauka ba?"

Ashe shi ma ya daɗe da lura. Mai Guga ya ce a'a, buhun nan sai dai ya nemi wani magajin, shi an ce tasa tana nan daram. Ya ba shi labarin na'urar da ƙarar da ta yi, matar kuma ta ba da labarin dutsen guga, ba ta rage komai ba. Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa ya goge ido, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Yaya ya miƙo kwalin sigari kamar yadda ya saba. Hannun Mai Guga ya tafi da kansa, ya kai rabin hanya, Maman 'yan biyu ta yi gyaran murya. Hannun ya dawo ya shiga aljihu, ya tarar da nasa kwalin a can, ya fito da shi ya miƙa mata. Bai ji daɗin rabuwar ba ko kaɗan, kuma ya san gobe da safe zai fi jin ta.

Da ta shiga ciki gaida matar gidan, sai ya durƙusa a gaban yayansa ya zare masa takalmin.

"Kai, lafiya?"

Mai Guga ya ajiye takalmin gefe. Ya dafa ƙafar da tafin hannu, ita ɗaya tilo da ta rage. Sanyi gare ta, irin sanyin da ya sani. Ya sa yatsu a bayan idon sawu yadda ya ga likita ta yi, amma yatsun da suka shekara riƙe da dutse mai zafi sun yi kanta, ba abin da suke ji.

"Auta, me kake nema a nan?"

"Ni ba zan iya jin bugun jinin ba, Yaya. Amma akwai mai abin ji. Gobe da safe zan zo mu je asibiti."

Yaya ya ce shi da wurin nan sun gama, sun karɓi rabonsu. Mai Guga bai yi musu ba, bai kuma saki ƙafar ba. Ya ce shi ma haka ya ce da hantsin yau.

Yaya ya daɗe yana kallon titi. Sigarin da ke hannunsa ya ci har ya kusa yatsa, ya murje shi a ƙafar kujera.

"Shiga ɗaki," in ji shi. "Akwai wandona mai ruwan toka a kan ƙusa. Ka goge min shi da kyau. Ba zan je gaban likita a yamutse ba."

Mai Guga ya shiga. Buhun na nan bayan ƙofa inda yake, ya ture shi gefe da ƙafar hagu don ya kai ga ƙusar. Ya ninke wandon ya sa a hammata, ya leƙa ya ce wa Maman 'yan biyu ta same shi a hanya, ba zai yi nisa ba zai tsaya.